Layin da Ba a Saya wa Yaya Ba

Har yau in na ji wani ya karkace hula yana ba ɗalibi mai shirin fita waje shawarar kada ya wahalar da kansa da sayen layin waya, wai ai akwai waifai kyauta a makaranta, sai raina ya ɓaci. Sau biyu ina tsoma baki a maganar da ba tawa ba a cikin motar Kano saboda wannan, har wata mata ta tambaye ni ko kamfanin waya nake yi wa aiki. Ba na yi wa kowa aiki sai gwamnati, malamar firamare ce ni a Ajingi. Abin da ya faru a gidanmu ne bai bar ni na yi shiru ba.

Gidanmu yana wani ƙauye a bayan Gafasa. Fulani ne mu da suka zauna, muna noma gyaɗa da dawa, da 'yan shanun da Baba ya ƙi rabuwa da su. Yaya shi ne ɗan fari, ni nake bi masa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta faɗi sunansa ba. "Yayanku" take cewa, in kuma ranta ya ɓaci ta ce "wancan mutumin". Akwai wani mai sayar da manja da yake zagayowa ranar kasuwa, sunansu ɗaya da Yaya, shi ma bai tsira ba, "mai sunan yayanku" ya zama har ya daina zuwa. Ba ta kallon fuskar Yaya, ba ta zama inda ake hirarsa. In ya tsuguna gaishe ta, bango take amsa wa. Mu duka a haka muka taso muka gani, kuma ana yaba mata, ana cewa ita ce mai kunyar da ta rage a dangi.

Shekarar da Yaya ya samu gurbin ƙaro karatu a Turkiyya, kaka ce, tsakar gida cike da gyaɗa. Saura kwana huɗu ya tafi Kawu ya zo daga Gaya a kan babur ɗinsa. Kawu ƙanen Inna ne, ma'aikacin ƙaramar hukuma, mutumin da bai taɓa wuce Abuja ba amma ya san farashin burodi a kowace ƙasa. Ya zo da takarda a aljihu, wai ya yi bincike a kan yadda za a dinga jin yaro. Aka shimfiɗa tabarma bayan la'asar, Baba da Kawu da Yaya, ni ina gefe ina zuba musu fura. Inna tana can bakin rumbu, ta ba mu baya, tana ɓarar gyaɗa.

Kawu ya ce hanya uku ce. Ko Yaya ya tafi da layinsa na gida ya dinga amfani da shi a can, wannan kuwa kati zai dinga sha kamar rairayi ya samu ruwa. Ko ya sayi layin ƙasar, ya dinga saka data duk wata, ya kira duk wanda yake so daga ɗakinsa, har 'yar ƙaramar wayar Inna mai tocila zai iya kira kai tsaye. Ko kuma kada ya sayi komai, tunda an ce ɗakin karatu na makarantar akwai waifai kyauta, in ya shiga sai ya turo saƙo ta wayata, ni in kai gida.

Kuɗi ba su ne matsalar ba, wannan nake so a fara sani. Baba ya faɗa da bakinsa cewa in layin can ne ya fi, shi zai ɗauki nauyinsa, ai don irin wannan ranar yake kiwo. Sai ya ƙara wata magana da nufin alheri, ya ce, "A tambayi uwarsa mana. Ita ce za ta fi son jin muryarsa."

Kawu ya ɗaga murya wajen Inna, yayarsa, yana dariya. "Yaya, kin ji. A saya masa na kira, ku dinga shan hira ke da ɗanki?"

A gaban mijinta. A gaban ɗan. Da rana tsaka, da maƙwabciya tana leƙowa ta katanga. Don Allah wace amsa ake jira daga bakin matar da ta shekara ashirin da bakwai ba ta faɗi sunan yaron nan ba? Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ni me zan ce masa? Ku yi wanda ya fi sauƙi."

Kawu ya ninke takardarsa ya ce, "Kun ji ko. Magana ta ƙare." Yaya ya sunkuyar da kai ya ce shi kenan. Baba ya ɗauki ƙwaryar furarsa. Ni kuwa dariya na yi, na ce Inna ba ta canzawa. Na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo, da ni aka yi.

Abin da yake ƙona min rai shi ne babu baƙo a cikinmu. Da wani Bature ne ya ji amsar nan ya ɗauke ta a yadda ta fito, sai in ce bai sani ba. Amma Kawu ciki ɗaya suka fito da ita. Ya san in aka miƙa wa Inna nama ta ce ta ƙoshi, ajiye mata ake yi a rufe a tashi a ba ta wuri. Ya san "a'a" ɗinta ta farko ba a lissafa ta. A kan nama mun san wannan, a kan atamfar Salla mun san wannan, sai a kan ɗanta ne muka zama masu ɗaukar magana a kan harafinta, don ta zo mana daidai da abin da ya fi sauƙi.

Yaya ya tafi. Ɗakin da ya kama a wajen makaranta yake, babu waifai. Sai ya shiga ɗakin karatu wayarsa take farkawa, can kuwa ko tari ka yi sai an ɗago an kalle ka. Saboda haka rubutu ne kawai. Ya sauka lafiya. Sanyi ya fara. Abincinsu babu yaji. A gaida mutanen gida. Kullum da wannan yake rufewa, a gaida mutanen gida, kamar mai rubuta wa hakimi takarda. Shi ma ai ɗanta ne, kunyar a nono ya sha.

Duk Juma'a in an tashi daga makaranta nakan hau mota zuwa Gafasa, in ƙarasa a babur. A tsakar gida nake karantawa. Baba yana kan buzunsa yana gyaɗa kai, Inna kuwa da ta ga na ciro waya sai ta sami abin yi a kusa, tsintar shinkafa ko tankaɗe, ta juya mana ƙeya. Ni kuma nakan yi ƙari. In Yaya ya rubuta a gaida mutanen gida, sai in ce, "Ya ce a gaida Inna da kyau, ya ce yana kewar dambunta." Sai na gama na mayar da wayar jaka, ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kajin nan sun cika min kunne. Me kika ce a kan sanyin?" In sake karantawa. Wani lokacin sau uku. Ina jin daɗin abin, ina ƙunshe dariya, ina cewa a raina tsohuwa ta ƙi faɗa amma ga shi tana neman ƙari.

Na taɓa ce wa Yaya ya turo saƙon murya. Ya ce yana cikin ɗakin karatu, sai ya fita. In ya fita kuma waifai ya yanke tun daga matakala, ga dusar ƙanƙara, ga motar da zai bi. Gobe, in sha Allahu. Goben nan ta yi wata bakwai. Sai da ƙaramar Salla ya tsaya a bakin ƙofa ya yi guda ɗaya, gajere, iska tana kaɗa maganar, yana yi wa Baba barka da Salla. Na kunna a zaure da tsakar gida cike da 'yan yawon Salla. Muryar tana fitowa Inna ta tashi ta shige madafi, kamar yadda kowa ya san za ta yi. Mata suka yi shewa suna cewa kunya dai, kunya dai.

Bayan sati biyu wayata ta cika, ta ƙi karɓar hotunan bikin wata abokiyar aikina. Na zauna na share tarkace, har da saƙon. Juma'ar da ta biyo, ina ɗaura ɗankwali zan tafi, Inna ta biyo ni har bakin ƙofa, abin da ba ta saba ba. Ta kalli ƙasa ta ce, "Abin nan da kika kunna wa babanku ranar Salla, yana nan?"

Na ce, "Ai na goge, Inna. Wayar ce ta cika."

Ta ce, "To." Ta miƙo min ƙullin daddawa ta koma ciki.

Hotunan bikin suna nan har yanzu. Auren ma ya mutu, hotunan suna nan. Na sake ce wa Yaya ya turo wani, ya ce to, jarrabawa ta taso, ni ma ban matsa ba. Ban ga abin gaggawa ba. Inna tana nan, Yaya yana nan, shekara biyu ai kamar gobe ne.

A damina ta biyu na gane. Na shigo gida da hantsi ranar Asabar, Baba yana gona. Inna tana tsugune tana wanke ƙwarya, ta ba ƙofa baya. Na yi sallama, shiru. Na sake, shiru. Na matso har ina ganin zanen ɗankwalinta na ce, "Inna!" da ƙarfin da nake tsawata wa 'yan aji uku. Hannunta bai ko tsaya ba. Da na dafa kafaɗarta ta zabura har ƙwaryar ta suɓuce ta fashe.

Na zagayo gabanta na tsuguna. A nan na ga abin da na shekara ina kallo ban gani ba: ba idona take kallo ba, bakina take kallo. Na rufe bakina da mayafi na tambaye ta ina Baba. Ta yi min murmushi ta ce, "Lafiya lau, ya hanya?"

Sai da na yi kuka ta faɗa min. Na hagu tun bara ya tafi, bayan wani zazzaɓi da ta yi. Na dama kuma yanzu kamar ana zuba ruwa a kwano, dare da rana. Tana gane maganar mutane in tana kallon bakinsu. Baba dama da ƙarfi yake magana, mutumin da ya saba kiran shanu daga nesa, kuma ita ba mai yawan magana ba ce balle a ga canji. Wuri ɗaya ne dabararta ba ta aiki: in ana karanta saƙon Yaya, domin a nan dole ta juya baya. Ashe kajin nan da take ɗora wa laifi ba su yi komai ba. Ashe duk ƙarin da nake yi, da dambun, da gaisuwar da nake ƙirƙira, rabinsu iska na karanta wa. Muna ganin ba ta amsa ba mu ce kunya, muna ganin ta ce a maimaita mu ce ƙauna, ita kuwa kunnenta ne yake mutuwa a gabanmu.

Na ce, "Inna, don me ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "In na faɗa za ku rubuta masa. Mutum yana karatu."

Wallahi da ba uwata ba ce da na girgiza ta. Na ji haushinta, ba zan ɓoye ba, haushi mai zafi irin wanda ake ji wa wanda ake so. Na ji haushin duk tsohuwar da ta taɓa yaba mata a gabana, na ji haushin wannan kunya da ake ɗaura wa mace kamar kambu tun tana yarinya, a ce ado ne.

Litinin na kai ta asibiti a Gaya, suka tura mu Kano. Likitan ya sa mata wani abu a kunne yana danna maɓalli, yana cewa ta ɗaga hannu in ta ji ƙara. Ina zaune ina jin ƙarar daga inda nake, hannun Inna yana kan cinyarta. Ya ce jijiyar ji ce, ba ta dawowa, ɗan abin da ya rage a na dama ma tafiya yake yi. Ya rubuta mana na'urar da ake maƙalawa, ya ce a gwada, amma kada mu sa rai da yawa. Ya tambaya me ya sa ba a kawo ta da wuri ba.

A motar dawowa, mun wuce Wudil, Inna tana gyangyaɗi a kafaɗata, na rubuta wa Yaya saƙon da ban taɓa rubuta wa na gaba da ni ba. Babu gaisuwa. Na ce masa uwarsa ta kurumce. Na ce shekara biyu tana jiran muryarsa shi yana can yana lallaɓa waifai na banza kamar wanda aka haifa a ɗakin karatu. Na ce in digirin shiru ya je yi, to ya gama, ya dawo. Har da abin da ba zan maimaita ba. Saƙon ma bai same shi ba sai washegari, da ya shiga inda wayarsa take aiki.

Kafin azahar ya sayi layi. Shagon yana kan titin da yake bi kullum. Ya nuna fasfo, aka ba shi, aka saka masa data. Daga baya ya ce min duka bai kai awa ɗaya ba. Awa ɗaya! Na so bai faɗa min ba.

A gidanmu sabis ba ya zama sosai sai a bayan gida, gindin wata kuka da ke kusa da garke. Da safiyar Laraba na ƙi zuwa makaranta, na ja hannun Inna zuwa can, mu biyu kawai. Na tsaya a gabanta na buɗe baki sosai na ce Yaya zai kira yanzu. Ta gyara mayafi, ta waiga ko akwai mai ganinmu, ta ce, "Ni me zan ce masa?"

Maganar nan dai, ta bakin rumbu. Na ce, "Kada ki ce komai. Ki saurara kawai."

Wayar ta yi ƙara. Na buɗe murya har ƙarshe na kanga mata a kunnen dama. Daga inda nake tsaye ina jin sa sarai, kamar yana bayan kukar. Muryarsa ta yi kauri. Ya yi sallama, ya ce, "Inna, ina kwana," karo na farko a rayuwarsa da ya gaishe ta ba bango a tsakaninsu. Ya tambayi jikinta. Ya nemi gafara.

Inna ta karɓi wayar da hannu biyu ta danna ta a kunne har ɗan kunnenta ya lotsa mata fata. Ta rufe ido. Ta mayar da ita na hagu, ta dawo da ita na dama. Sannan ta buɗe ido ta kalli bakina.

"Yana magana?"

Na gyaɗa kai.

"To bar shi ya yi."

Ta daɗe a haka, shi yana ta yi, ita tana tsaye da waya a kunne tana kallon gonar gero. Can sai ta juya min baya, ta ja gefen mayafi ta rufe bakinta da wayar, irin yadda mace take yi in za ta yi raɗa. Ta kira sunansa.

Wanda ba ya ji bai san ƙarfin muryarsa ba. Ita a ganinta a hankali ta faɗa, tsakaninta da mayafinta. Amma sunan ya fita da ƙarfi har tsuntsaye suka tashi daga kan kukar. Matan da ke bakin rijiya suka tsaya da guga a hannu. Baba yana cikin garke da igiya, na ga ya miƙe tsaye, sannan ya juya ya kalli wani wajen. Cikin wayar kuwa Yaya yana cewa, "Na'am, Inna. Na'am. Na'am, ina jin ki." Sau nawa ya faɗa ban ƙirga ba. Ko ɗaya bai shiga kunnenta ba.

Ta miƙo min wayar, fuskarta kamar ba abin da ya faru, ta ce, "Ki ce masa ya dinga cin abinci." Ta wuce gida. Har yau babu wanda ya gaya mata mun ji, kuma duk wanda ya gaya mata, ni da shi ne.

Na'urar da aka saya ba ta yi wani amfani ba, ta ce ƙugi kawai take ƙara mata, tana cikin kwalla a ƙarƙashin gado. Kawu kuwa, da na tare shi da maganar, cewa ya yi ƙaddara ce, kuma ai ita ta ce a yi mai sauƙi. Na yarda da ƙaddara, ciwon kunne ba shi ya kawo ba. Amma wata goma sha huɗu na farko tana ji, da kunne biyu sannan da ɗaya, kuma a cikinsu ba ta samu ko minti ɗaya na muryar ɗanta ba. Wannan ba daga sama ya faɗo ba, a kan tabarma aka yanke shi ana shan fura. Na kai shekara ban taka gidansa a Gaya ba, sai da Inna da kanta ta yi min faɗa.

Yanzu Yaya ya dawo, yana koyarwa a Kano, yana zuwa duk ƙarshen wata da buhun shinkafa da 'ya'yansa. Inna ta ƙware a karatun baki, har gulmar da ake yi a can ƙarshen tsakar gida tana tsinta, jikoki suna cewa ba a ɓoye mata komai. Bakin kowa take karantawa, na Baba, nawa, na mai tallan gishiri. Amma karatun baki sai an kalli fuska. In Yaya ya shigo ya cire takalmi ya tsuguna a gabanta, sai ta juya ta fuskanci bango, yadda aka koya mata, yadda aka yaba mata. Yana gaisuwa, yana ba ta labarin aiki da na yara, tana cewa "madalla" a inda take zaton ya dace.

In ya tashi ya fita zaure wajen Baba, sai ta jawo hannuna ta zaunar da ni a gabanta, ta kafa wa bakina ido.

"Me ya ce?"

Taku biyu ne tsakaninsu ɗazu, kuma har yanzu ni nake karanta mata shi.